Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Rayuwa da Neman Aikin Sabon Zuwa a Birtaniya

A 'yan shekarun nan da wuya a zauna a majalisar matasa a Kano, Kaduna ko Jos a tashi ba a taɓo zancen fita waje ba. Kalmar nan ta Yarbanci, "japa", wato arcewa, ta tsallako Kogin Kwara ta zauna daram a bakin 'yan Arewa. Da can idan Bahaushe ya ɗaura niyyar barin gida, ko dai Gabas ya nufa don sauke farali, ko Kurmi da Gwanja don fatauci. Yau ma'aikaciyar jinya na tashi daga aikin dare ta ɗauki littafin jarrabawar Turanci, malamin sakandare ya sa filinsa a kasuwa, kuma idan ka tambaye su ina aka dosa, amsar da ta fi yawa ita ce Ingila. Ƙidayar 2021 ta samu haifaffun Najeriya kimanin 270,000 a Ingila da Wales, alhali babbar kwararar ma bayan ƙidayar aka yi ta.

Abin da ke isowa gida daga waɗanda suka tafi sananne ne: hoto cikin jibgegiyar rigar sanyi a gaban jar bas, sai kuɗin cefanen salla. Watanni shida na farko, waɗanda a cikinsu mutum ke neman inda zai sa haƙarƙarinsa da abin da zai kai bakin salati, ba a cika ɗaukarsu hoto ba. Su ne kuwa ya kamata mai shirin tafiya ya fi sani, shi da dangin da za su haɗa masa kuɗin jirgi.

Fatoma da takarda

Baƙunta ba sabon abu ba ce a wurin Bahaushe. Kakanninmu da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi, da waɗanda suka kai shanu Sabo ta Ibadan, sun bar kyakkyawan tsari na karɓar sabon zuwa. Mutum ya sauka a zango ya nemi fatoma. Fatoma ya ba shi ɗaki da tuwon dare, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan za a ba shi kaya bashi. In rigima ta taso, akwai Sarkin Zango. Jarin baƙo na farko shi ne bakin mutumin da zai ce, "Na san shi, na san gidansu."

A Birtaniya ma sai an tsaya wa baƙo, sai dai can takarda ce ke tsayawa. Mai gidan haya zai nemi shaidar albashi da wasiƙar mai gidan da ka baro. Banki zai nemi shaidar adireshi. Mai ɗaukar aiki zai nemi mutum biyu da suka taɓa ganin aikinka, kuma ya fi son waɗanda zai iya bugawa waya a cikin ƙasar. Kamfanin waya ma, kafin ya ba ka layin biyan wata-wata, sai ya duba tarihin bashinka. Sabon zuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko da ya shekara goma sha biyar yana shugabantar sashe a ma'aikata, ranar da ya sauka a filin jirgin Heathrow ya zama mutumin da ba shi da jiya. Yawancin wahalar shekarar farko daga nan take tasowa.

Ƙofar da aka shigo ta

Tambayar farko da tsofaffin zama ke yi wa sabon zuwa ita ce, "Da wace biza ka shigo?" Suna da dalili. Amsar ce ke nuna awa nawa zai iya aiki, wa zai yi wa aikin, ko zai iya kawo matarsa, da ranar da za a ce ya tattara nasa ya nasa.

Bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ma'aikatan ƙasashen Turai sun daina shigowa ba biza daga ƙarshen 2020. Asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka shiga ƙarancin ma'aikata, jami'o'i kuma na kwaɗayin kuɗin ɗaliban waje. Sai aka buɗe ƙofofi biyu. A Yulin 2021 aka bai wa ɗalibin da ya gama digiri damar zama shekara biyu yana aiki. A Fabrairun 2022 aka sa masu kula da tsofaffi da marasa lafiya cikin waɗanda za a iya ɗaukowa daga waje. 'Yan Najeriya suka yi caa. A 2022 kaɗai an bai wa iyalan ɗaliban Najeriya biza fiye da 60,000, adadin da ya zarce na kowace ƙasa. Dabarar lokacin mai sauƙi ce: mata ko miji ya shiga digiri na biyu na shekara guda, ɗayan ya kama aiki cikakke ya riƙe gida.

Ƙofofin ba su daɗe a buɗe ba. Daga Janairun 2024 an hana ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi kawo nasu iyalan. A Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don bizar ƙwararren ma'aikaci daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara. A Yulin 2025 aka sake ɗagawa zuwa 41,700, kuma a watan ne aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Saboda haka shawarar ɗan'uwan da ya tafi a 2022 gaskiya ce a zamaninsa, amma wanda ya bi ta yau yana iya faɗawa rami.

Kowace biza da igiyarta. Ɗalibin digiri awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ba shi da izinin sana'ar kansa, wanda ya haɗa da kai wa mutane abinci gida a kan keke. Mai bizar aiki a ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Idan aikin ya ƙare ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani ko ya bar ƙasar. Mai bizar ziyara ba shi da izinin aiki ko na awa guda, kuma kamfanin da aka kama ya ɗauki marar izini yana iya biyan tarar fam 45,000 a kan kowane mutum a karon farko, 60,000 in ya sake. Kusan dukkan bizojin nan suna ɗauke da sharaɗin cewa mai su ba shi da rabo a tallafin da gwamnati ke bai wa marasa aiki ko marasa muhalli. Ga kuɗin lafiya da ake biya tun kafin a taso, fam 1,035 a shekara ga ma'aikaci da 776 ga ɗalibi, sai ma'aikatan lafiya da aka yafe wa.

Makonnin farko

A ɗauki matashin da ya sauka a watan Satumba da akwati biyu. Ɗaya cike yake da kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji, don kilishi da man shanu doka ta hana shigo da su. Ya sauka a falon abokin yayansa. Makon farko karamci ne zalla. Zuwa mako na uku fuskar mai masauki ta fara sauyawa, kuma sau da yawa ba rowa ce ta sauya ta ba. Yarjejeniyar hayarsa ta ƙayyade yawan masu kwana a gidan, kuma ƙarin mutum ɗaya yana nunawa a takardar wuta da gas. Nan baƙo zai tuna an ce shi raɓa ne.

Ya fita neman ɗaki, dillali ya ce ya kawo takardar albashin wata uku. Ya nemi aiki, aka ce ya kawo lambar asusun banki. Ya je banki, aka ce ina shaidar adireshinsa. Haka zai yi ta zagaye kamar tunkiyar da aka ɗaure a turke, har sai wanda ya riga shi ya nuna masa inda ake kwance ƙullin. Bankunan da ake buɗewa ta wayar hannu, irin su Monzo, sun fi sauƙin sharaɗi, kuma wasiƙar jami'a ko ta wurin aiki tana wadatarwa a wasu bankunan. Ana iya fara aiki kafin lambar inshorar ƙasa ta iso, matuƙar mutum ya nuna shaidar izinin aiki, wadda yanzu ta intanet ake ciro ta tun da aka daina katin zama. Rajista da likitan unguwa kyauta ce, kuma gara a yi ta tun ana lafiya.

Gida shi ne babban maciyin kuɗi. Ɗaki guda a gidan haɗaka, inda ake raba kicin da bayi da mutanen da ba ka taɓa gani ba, yana dosar fam dubu a wata a Landan, a yawancin sauran birane kuma 500 zuwa 700. A Ingila tun 2016 doka ta tilasta wa mai gida ya duba takardar zaman ɗan haya. Dokar 2019 ta ce kuɗin ajiya kada ya wuce hayar mako biyar, wata dokar kuma ta ce dole a ajiye shi a asusun da hukuma ta amince da shi. Wanda ba shi da mai tsaya masa an sha neman ya biya wata shida a dunƙule. 'Yan damfara sun san wannan matsi, shi ya sa suke baza hotunan ɗakuna masu arha a Facebook, su ce a turo kuɗi kafin a zo gani. Bayan haya akwai harajin ƙaramar hukuma, wanda ɗalibai suka tsira daga gare shi, ga wuta, ga gas ɗin ɗumama ɗaki, ga ruwa.

Neman aiki

A gida, neman aiki yakan fara da neman wanda ya san wani. Can yakan fara da kwamfuta. Ana cike takardu a shafuka irin su Indeed da LinkedIn, ko shafin ɗaukar ma'aikata na hukumar lafiya ta NHS, kuma manyan kamfanoni sukan sa manhaja ta tace takardun kafin idon mutum ya gan su. Takardar bayanin kai irin tamu, mai ɗauke da hoto, ranar haihuwa, jihar asali, addini da ko an yi aure, can alama ce ta wanda bai san gari ba. Shafi biyu ake so, kowane layi na faɗin abin da mutum ya yi da abin da aikin ya haifar, a kuma sake gyara ta ga kowane gurbi.

A zaman ganawa akwai wani cikas da tarbiyyarmu ce ke jawo shi. An koya mana sunkuyar da kai a gaban babba, da cewa yabon kai jahilci. Mai ɗaukar aiki a can yana son a dube shi ido cikin ido, a ce, "Ni na yi kaza, ga yadda na yi, ga abin da ya biyo baya." Wanda ya yi ta cewa "mun yi" don kawaici, sai a ɗauka ba shi da abin da ya taɓuka da kansa.

Sai kalmar da ta fi kowace ƙona ran sabon zuwa: "Ba ka da gogewar aiki a ƙasar nan." Wani lokaci gaskiya ce, domin dokokin aiki da kayan aikin sun bambanta. Wani lokaci kuma mayafi ne. A 2019 masu bincike a Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford sun fitar da sakamakon wani gwaji, inda suka aika takardun neman aiki sama da dubu uku masu ilimi da gogewa iri ɗaya, suna da asali kawai aka sauya. Sun gano cewa mai asalin Najeriya sai ya aika takardu da suka fi na farar fata ɗan ƙasa da kashi 80 cikin ɗari kafin ya samu kira daidai da nasa. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta irin wannan wariya, amma wanda ba a kira ba bai san dalilin da ya sa ba a kira shi ba.

Kowace sana'a kuma da katinta. Likita sai ya ci jarrabawar PLAB kashi biyu ya yi rajista da majalisar likitoci. Ma'aikaciyar jinya sai ta ci ta Turanci, ta ci ta kwamfuta, sannan ta yi ta gwajin aiki a can. Mai gadi sai da lasisin SIA, lebura a wurin gini yawanci sai da katin CSCS, mai aiki da yara ko tsofaffi sai an binciki tarihinsa ko ya taɓa laifi. Duk waɗannan kuɗi ne da watanni. Kafin su kammalu, injiniya da akanta da lauya suna haɗuwa a wurare guda: ɗakunan ajiyar kaya inda ake tsayuwar awa goma ana ɗaure kwali, shara da goge-goge a ofisoshi kafin gari ya waye, da aikin kula da tsofaffi. Yawanci ta hannun kamfanonin haya ma'aikata ake samunsu, ba tabbacin awa nawa za a ba ka a mako. Waya ta yi ƙara da asuba cewa akwai aiki, wanda ya riga dannawa shi ya samu.

Wuni guda a aikin kula da tsofaffi

Tun da wannan aikin ya ɗauki mutanenmu da yawa, ya cancanci a dube shi kusa. Matar da ke bin tsofaffi gida-gida tana tashi ƙarfe biyar a watan Disamba, ta yi salla, ta fita cikin duhu da sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Ƙarfe bakwai tana ƙofar gidan farko, ta danna lamba ta ciro makulli daga ƙaramin akwatin da ke jikin bango. A ciki akwai tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya wadda ciwon mantuwa ya kama. Cikin rabin awa za ta tashe ta, ta yi mata wanka, ta sauya mata ƙunzugu, ta ba ta shayi da magani, ta rubuta komai a waya. Wata ran tsohuwar ta riƙe hannunta tana godiya, wata ran ta yi ihu ta ce ɓarauniya ta shigo. Daga nan sai gudu zuwa tashar bas don gida na biyu, inda kare ne zai fara tarbarta, kuma abin karyawar da ke jadawalin maigidan naman alade ne.

Za ta iya barin gida ƙarfe shida ta dawo tara na dare, amma awannin da aka lissafa mata su zama bakwai ko takwas, saboda wasu kamfanonin lokacin da aka yi cikin gida kawai suke biya. Doka ta ce lokacin tafiya tsakanin gida da gida yana cikin lissafin mafi ƙarancin albashi, sai dai wadda bizarta ke hannun kamfani ba ta cika ɗaga murya ba. Yawancin guraben nan suna son mai mota, lasisin tuƙin Najeriya kuma wata goma sha biyu kawai yake aiki, bayan nan sai an ci jarrabawarsu.

Aikin halal ne, kuma akwai lada a cikinsa ga mai niyya. Da yawa sun fara daga nan suka zama shugabannin gidajen ko suka shiga karatun jinya. Abin da ke ci wa wasu rai shi ne tunanin cewa sun bar nasu tsofaffin a gida, da kunyar faɗa wa dangi ainihin abin da suke yi. Sai ka ji an ce, "Tana aiki a asibiti."

Dillalan takarda

Inda aka samu matsi, dillali ba ya nisa. Bizar aiki ba ta samuwa sai da takardar ɗaukar nauyi daga kamfani mai lasisi, wadda aka fi sani da COS. Kuɗinta a wurin gwamnati 'yan ɗaruruwan fam ne, kuma kamfani ne ke da alhakin biya. Dokar Birtaniya ma ta hana kamfanin nema wa mutane aiki karɓar kuɗi daga mai neman aikin. Duk da haka mutane sun sayar da gidaje da gonaki suka biya dillalai fam dubu goma ko fiye. Wasu takardar jabu aka ba su. Wasu takardar ta gaske ce, amma da suka iso sai suka tarar ba aiki, ko kuma awa goma a mako, ga bashi a gida, ga tsoron kai ƙara don kada a soke bizar. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, waɗanda suka ɗauki nauyin ma'aikata sama da 39,000. Abin takaici, da yawa daga dillalan 'yan gida ne, da yarenmu suke magana, a masallaci ko coci ko zauren WhatsApp na 'yan gari aka san su. Tun da an rufe wannan ƙofa a Yulin 2025, duk wanda ya ce zai kawo ka daga Najeriya ka yi aikin kula da tsofaffi, kuɗinka yake so.

Lissafin fam da naira

A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya koma fam 12.21 a awa. Wanda ya yi aiki cikakke a kan wannan farashi, bayan an cire haraji da inshora, abin da zai shigo hannunsa a wata bai fi fam 1,700 da 'yan kai ba. Ɗan'uwa a gida zai buga kowace fam a kan naira 2,000 ya ga miliyan uku da ɗoriya, ya ce lallai Yaya ya haye. Bai cire 600 na ɗaki ba, da kuɗin wuta da gas da haraji, da kuɗin bas, da abinci, da abin da ake tarawa don sabunta biza, da bashin da aka ci aka yi tafiyar.

Na ɗalibi ya fi tsanani. Awa 20 a mako a kan wancan farashi na kawo fam 244, wato dubu ɗaya da 'yan kai a wata, kuma kuɗin digiri na biyu yakan kama daga fam 14,000 zuwa sama da 20,000. Wanda ya biya kashin farko ya taho da niyyar aiki zai biya sauran, ya yi gini a kan yashi. An ga haka ƙarara bayan an saki naira a Yunin 2023, lokacin da fam ta tashi daga ƙasa da naira 600 a farashin hukuma ta doshi 2,000 cikin 'yan watanni. Kuɗin da iyaye suka tara ya narke a banki, har a 2024 wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biya, ta kai sunayensu ofishin shige da fice.

Cikin wannan hali waya za ta yi ƙara. "Yaya, Inna ta ce a tuna maka bikin Anti saura mako uku, kuma kuɗin makarantar su auta ya zo." Shi kuma, yana tsaye a tashar bas da gurasa a leda, sai ya ce, "To, ki gaishe ta, ki ce in sha Allahu ƙarshen wata." Ba zai ce babu ba, don kada a ce ya je Turai ya manta da gida. Su ma ba za su daina tambaya ba, don bai taɓa faɗa musu gaskiyar lissafin ba. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa gida ya kai kimanin dala biliyan 20 a shekara, kuma wani kaso nasa daga irin wannan amsa yake fitowa.

Sanyi, salla da kaɗaici

A tsakiyar Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe takwas a Landan ta faɗi kafin huɗu na yamma. Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗawa cikin lokacin aiki, sai mutum ya koyi yi wa shugabansa bayani tun ranar farko, ya nemi lungun da zai shimfiɗa darduma. Yawancin wuraren aiki ba sa hanawa idan an tambaya. Naman halal da masallatai ba sa wuya a Landan, Bamingham, Manchesta ko Bradford, amma wanda aiki ya jefa ƙaramin gari a bakin teku yana iya yin tafiyar awa guda kafin ya samu Juma'a.

Abin da ya fi sanyi cin jiki shi ne shiru. Mutumin da ya saba da gaisuwa goma tsakanin ƙofar gida da bakin titi zai yi wata bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ma'aurata na yin aikin karɓa-karɓa saboda kuɗin gidan reno ya fi ƙarfinsu, miji ya shigo da safe mata ta fita, yara ne kawai ke ganin su biyun. Babu kaka, babu 'yar riƙo, babu maƙwabciyar da za a ce ta sa ido. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida ko dukansu na iya jawo jami'an kula da yara har ƙofa, kuma a Scotland da Wales an haramta dukan yaro kwata-kwata. Aure da yawa sun girgiza a nan, musamman inda matar ce mai biza kuma ita ce mai albashi.

Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu

Duk da wannan, mutane na cin nasara, kuma hanyarsu kusan iri ɗaya ce. Sun taho da sana'ar da ake nema, sun ci jarrabawar da za a iya ci tun suna gida. Sun zo da kuɗin da zai riƙe su wata uku zuwa shida ba tare da albashi ba. Sun karɓi ƙaramin aiki ba girman kai, amma suka sa masa wa'adi, kowane mako suna aika takardun neman aikin da suka karanta. Wasu sun yi aikin sa-kai a shagon ƙungiyar agaji ko wurin rabon abinci, don kawai su samu mutum biyu da za su ce sun san aikinsu. Sun shiga ƙungiyar ƙwadago, sun san ofishin Citizens Advice da hukumar ACAS, inda ake ba da shawara kyauta a kan haya da rikicin aiki. A taƙaice, sun gane cewa shekarar farko ta tara shaida ce, suka tara ta da gangan.

Ga mai shirin tafiya, matambayi ba ya ɓata: ka karanta sharuɗɗan bizarka a shafin gwamnatin Birtaniya da idonka, a watan da za ka nema, kada ka dogara da labarin bara. Ka yi lissafinka da fam. Kada ka ba kowa kuɗi don ya sayar maka da aiki. Ga iyaye da dangi, ku ɗaga wa wanda ya tafi ƙafa shekara guda kafin ku fara aike, kuma in ya ce babu, ku yarda.

Ku kuma da kuka riga kuka zauna, fatoman da babu a can ku ne za ku zama shi. Ku karɓi sabon zuwa mako biyu, ku gyara masa takardarsa, ku raka shi ganin ɗaki, ku rubuta masa shaida in kun san halinsa. Wanda ya bugo daga gida yana tambayar yadda ƙasar take, ku faɗa masa kuɗin ɗaki da irin aikin da kuka fara da shi, tun bai sayar da gonar gado ba.